Daga Hatsi zuwa Dizal: Tarihin Lissafin Makamashi a Aikin Kwasar Ƙasa

Aikin kwasar ƙasa, wato haƙa ta daga inda ba a bukatarta da jigilarta zuwa inda ake son ciko, sannan a daddaɓe ta har ta iya ɗaukar nauyi, shi ne matakin farko na kusan kowane babban gini, ko hanyar mota ce ko layin dogo ko madatsar ruwa, kuma sau da yawa shi ne ya fi kowane mataki shan mai a filin aiki. Dalilin haka a fili yake, domin kubik mita ɗaya na ƙasa, wato abin da zai cika akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne mita ɗaya ne, yakan kai nauyin tan ɗaya da rabi zuwa biyu, ga shi kuma manyan ayyuka da miliyoyin irin wannan ma'auni ake ƙirga su. Tun kafin a ƙera inji masu wannan sana'a suke fama da tambayar nawa za a ci kafin a gusar da tudu ko a cike kwari, kuma ko da yake abin da ake ci ya sauya daga hatsi zuwa kwal, daga kwal zuwa man dizal, amsar da ta fi inganci ba ta sauya ba tun ƙarni na 18, ita ce a rage yawan ƙasar da za a taɓa da nisan da za a kai ta.

A zamanin aikin hannu makamashin wannan sana'a shi ne abincin da lebura ko dabba suka ci, saboda haka babu wanda yake ɗaukar ƙasa zuwa nesa sai dole. Ganuwar Kano, wadda tarihin birnin ya ce Sarki Gijimasu ne ya aza harsashinta a wajajen farkon ƙarni na 12, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, an tayar da ita ne da ƙasar da aka haƙa a gindinta, ramin da ya rage kuma ya zama ƙarin kariya ga birni, kamar yadda kududdufan cikin gari suka samo asali daga ƙasar da aka ɗiba aka gina unguwannin da ke kewaye da su. A Faransa kuwa, injiniyoyin soja tun daga zamanin Vauban a ƙarni na 17 sun riƙa ƙayyade ladan mai haƙa gwargwadon taurin ƙasa da nisan da zai tura baro. Charles Coulomb, wanda ya shafe shekaru yana kula da ginin wani sansanin soja a tsibirin Martinique daga 1764, ya yi ƙoƙarin auna iyakar aikin da jikin mutum zai iya bayarwa a yini, ya kuma lura cewa a ƙasa mai zafi abin yana raguwa ƙwarai. Wannan shi ne lissafin mai na wancan zamani, ko da yake ba da wannan suna aka san shi ba.

Wanda ya mayar da matsalar ilimi mai zaman kansa shi ne Gaspard Monge, masanin lissafi ɗan Faransa, a wata maƙala da ya gabatar a 1781 kan ƙasar yanka da ƙasar ciko. Ƙasar yanka ita ce wadda ake cirewa daga tudu don a daidaita shi, ƙasar ciko kuwa ita ce wadda ake zubawa a kwari don a ɗaga shi. Monge ya ɗauka cewa kuɗin jigilar kowace ƙwayar ƙasa daidai yake da nauyinta a ninka da nisan da ta yi, sannan ya tambaya wace ƙwaya ya kamata a kai wane gurbi idan ana so jimillar ta zama mafi ƙanƙanta. Tambayar ta gagari cikakkiyar amsa har sai da Leonid Kantorovich na Tarayyar Sobiyet ya sake tsara ta a shekarun 1940, amma injiniyoyin layin dogo ba su jira masana ba. A tsakiyar ƙarni na 19 sun soma amfani da wani zane da ake jingina wa injiniyan Jamus mai suna Bruckner, wanda layi ne da ke hawa a duk inda ake yanka, yake sauka a duk inda ake ciko, ta yadda mai duba shi zai gane daga wane tudu za a cike wane kwari, da kuma inda jigila ta yi nisan da gara a zubar da ƙasar a gefe a haƙa wata a kusa. Zanen yana la'akari da wata ɗabi'a ta ƙasa da mai ƙaramin sani kan manta, wato tana kumbura da kusan kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari idan aka haƙa ta, ta kuma tsuke idan aka daddaɓe ta, don haka abin da aka auna a tudu ba shi ne abin da ke cikin keken jigila ba, ba kuma shi ne abin da zai zauna a wurin ciko ba. Da diga da shebur da baro da dawakai aka gina mafi yawan layukan dogo na Ingila.

Injin haƙa mai aiki da tururi ya bayyana ne a Amurka, inda hannun aiki ke da tsada, kuma William Otis ne ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1839, shekarar da ya rasu yana matashi. Amma babban gwajin inji a wannan sana'a a Masar aka yi shi. An fara haƙa mashigin Suwez a 1859 da talakawan ƙauye da ake tilasta wa aiki, dubu-dubai a kowane wata, suna kwasar rairayi da kwanduna, har zuwa 1864 da aka soke wannan tsari a zamanin Isma'il Pasha, mai mulkin Masar na lokacin. Da aka rasa hannun banza, sai 'yan kwangila irin su Borel da Lavalley suka shigo da jiragen yasa da injunan bokiti masu ƙona kwal, waɗanda suka kwashe mafi yawan kimanin kubik mita miliyan 75 da aikin ya ci kafin buɗe mashigin a 1869. Abin lura a nan shi ne kamfanin mashigin bai dogara da inji ba sai da aka hana shi cin ƙarfin mutane kyauta, kuma wannan hali na rashin ƙirga abin da ba a biya ba zai sake bayyana game da hayaƙi bayan shekara ɗari.

A Panama, wadda Amurkawa suka karɓi aikinta a 1904 bayan Faransawa sun gaza, aka ga iyakar abin da tururi zai iya da kuma irin ɓarnarsa. Injunan haƙa sama da ɗari aka kawo, akasarinsu ƙirar kamfanin Bucyrus, sauran na Marion, kuma kowanne yana bukatar matuƙi da mai kula da hannun bokiti da masu zuba kwal, ga tawagar masu shimfiɗa masa dogo a gabansa yayin da yake cin gaba. Injin tururi irin wannan kaɗan ne ƙwarai daga zafin kwal ɗinsa yake komawa aiki, sauran yana fita ta bututun hayaƙi, sannan tukunyarsa ba ta yarda a kashe ta a kunna yadda aka ga dama, dole wuta ta ci gaba da ci ko ana haƙa ko ana jira. John Stevens, wanda ya zama babban injiniya a 1905 bayan ya yi rayuwarsa a aikin jirgin ƙasa, ya fahimci cewa matsalar yankin Culebra, inda aka tsaga duwatsu aka fitar da fiye da kubik mita miliyan 70, ba ta haƙa ba ce, ta jigila ce, domin injin da ya cika bokiti bai tarar da taragon da zai juye a ciki ba kwal kawai yake ci. Ya tsara layukan dogo ta yadda jirage masu kaya za su riƙa gangarowa, marasa kaya kuma su hau, kuma a lokacin da aiki ya kankama kimanin jirage 160 ne suke fita da ƙasa daga wurin a kowace rana. Magajinsa George Goethals ya ƙarfafa ƙididdigar kuɗin kowane ma'aunin ƙasa da aka haƙa, jaridar mako-mako ta hukumar mashigin kuma ta riƙa buga yawan abin da injuna suka kwasa, abin da ya jefa ma'aikata cikin gasa.

A daidai waɗannan shekaru ake shimfiɗa layin dogo daga Baro a gaɓar Neja zuwa Kano, inda ya iso a 1911, kuma a nan makamashin aikin bai wuce dawa da gero ba. Gwamnan Arewacin Nijeriya Percy Girouard, wanda shi ma injiniyan jirgin ƙasa ne, ya dogara da leburorin da sarakuna da hakimai suke tarawa bisa umurni, suna sarar ƙasa da diga suna ɗauka da kwanon sarki, kuma rahusar da aka yaba wa aikin da ita a rahotannin mulkin mallaka ta fito ne daga gonakin da aka bari da rumbunan da aka kwashe don ciyar da sansanonin ma'aikata.

Sauyin da ya haifi injunan da aka sani a yau ya zo ne daga gonakin Kalifoniya. Benjamin Holt ya gwada tarakta mai tafiya a kan sarƙa a 1904 don kada ta nutse a ƙasa mai laushi, kamfaninsa ya haɗe da na C. L. Best a 1925 suka zama Caterpillar, wanda ya fitar da taraktarsa ta farko mai injin dizal a 1931. Dizal ya yi nasara ne saboda yana mayar da kusan sulusin ƙarfin mansa aiki, man kuma a lokacin ya fi fetur arha. A shekarun 1930 ɗin ne R. G. LeTourneau ya ɗora injin kankarar ƙasa a kan manyan tayoyin roba, ya ba shi gudun da sarƙa ba ta da shi, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma kamfanoni irin su Poclain a Faransa da JCB a Ingila suka yaɗa injin haƙa mai aiki da matsin mai a maimakon igiyar ƙarfe. Arhar mai ta sauya tunanin masu zana hanya, domin maimakon hanya ta bi ƙasa tana kewaye tudu, sai aka koma tsaga tudun a miƙe, kamar yadda aka yi a manyan titunan tarayyar Amurka da aka soma bayan dokar da aka yi a kansu a 1956.

Duk da haka ɗan kwangila bai daina lissafi ba, kuma littattafan da masu ƙera injuna suke bugawa sun ba shi hanyar kintace da har yanzu ake koyarwa. Man da inji zai sha a awa ya dogara da ƙarfinsa da kuma kason wannan ƙarfi da aikin yake nema a zahiri, wanda ake rarraba shi ƙarami ko matsakaici ko babba, domin katafilar da ke tura marmara zuwa sama ba daidai take da wadda ke baza yashi a fili ba. Ga motocin jigila kuwa akwai turjiyar da hanya take yi wa taya, wadda a kan busasshiyar hanya mai ƙarfi ba ta wuce kimanin kilo 20 a kan kowane tan na nauyin mota ba, amma takan ninka sau huɗu ko biyar idan taya tana nutsewa a laka ko rairayi, sannan kowane kashi ɗaya cikin ɗari na hawa yana ƙara kilo 10 a kan tan. Daga waɗannan alƙaluma ake gane cewa giredar da ke gyara hanyar da tifofi suke bi a cikin filin aiki, wadda jahilin manaja yake gani kamar asarar mai ce, tana tsimin da ya fi abin da take sha nesa ba kusa ba.

Gwamnatoci ba su shiga wannan lissafi sosai ba sai bayan takunkumin man Larabawa na 1973, lokacin da farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu a cikin 'yan watanni, 'yan kwangilar da suka karɓi aiki a tsohon farashi kuma suka shiga uku. A 1974 aka wallafa a Amurka jadawalin man da kowane nau'in aikin hanya yake ci, hukumar manyan titunan tarayya kuma ta kafa jagorarta ta 1980 a kansa don a riƙa daidaita kuɗin kwangila idan farashin mai ya motsa. Jadawalin ya ba haƙar ƙasa ta yau da kullum abin da ya yi kusa da lita ɗaya da rabi na dizal a kowane kubik mita, haƙar dutse kuma fiye da haka, kuma jihohi da dama sun ci gaba da aiki da shi shekaru sama da talatin duk da cewa injuna sun sauya, sai a 2013 aka fitar da sabon nazari da ya sabunta shi. Raunin irin wannan ma'auni guda shi ne yana ɓoye nisa, alhali nisan ne ke da rinjaye. A ɗauki misalin injin haƙa mai nauyin tan 20, wanda a aiki matsakaici yakan sha kusan lita 15 a awa: idan ya loda kubik mita 100 a wannan awa, kowane kubik mita ya ci lita 0.15 ke nan. Idan tifa mai ɗaukar kubik mita 10, wadda ke shan lita 40 a kilomita 100, za ta kai ƙasar nisan kilomita 10 ta dawo, ta ƙona lita 8, wato lita 0.8 a kowane kubik mita, fiye da ninki biyar na abin da haƙar ta ci. Injiniyan da ya samo ramin ɗibar ƙasa a kilomita 3 a maimakon 10 ya yi tsimin da babu wani sabon inji da zai iya yi.

Hayaƙi kuwa ya daɗe ba a kan kowa yake ba. An soma taƙaita hayaƙin motocin kan titi a Amurka tun shekarun 1960 da 1970, amma injunan gini sun tsira har sai bayan gyaran dokar tsabtar iska na 1990, wanda ya sa hukumar kare muhalli ta ƙasar ta binciki abin da suke fitarwa. Matakin farko na ƙa'idar taƙaita hayaƙin waɗannan injuna ya fara aiki a 1996, Tarayyar Turai ta bi sahu a 1999, mataki na huɗu na Amurka kuma, wanda aka shigo da shi sannu a hankali daga 2008 zuwa 2015, ya rage da kusan kashi 90 cikin ɗari abubuwa biyu mafi cutarwa, wato ƙananan ƙwayoyin baƙin tuƙuƙi da ke shiga can cikin huhu, da iskar naitrojin oksaid da ke tayar da ciwon ƙirji. An cim ma haka ne da matatar da ke kama tuƙuƙin a salansa da kuma ruwan yuriya da ake fesawa a cikin hayaƙin, kuma duka biyun ba sa jure man da ke da farar wuta da yawa, shi ya sa aka rage ta a man waɗannan injuna zuwa kashi 15 cikin miliyan. A 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, hukuncin da ya zo a makare ga zuriyoyin direbobi da leburorin da suka yi rayuwarsu a bayan salansa.

Waɗannan ƙa'idoji nasara ce ta gaske, sai dai ba su taɓa iskar kabon dayoksaid ba, wadda ita ce ke ɗumama duniya, domin kowace lita ta dizal da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.7 na wannan iska, ko injin sabo ne ko tsoho, kuma babu matatar da ke tare ta. Saboda haka ƙididdigar kabon a aikin kwasar ƙasa ba wani sabon ilimi ba ne, tsohon lissafin mai ne da aka ninka da lamba ɗaya. Abin da ya zama sabo shi ne iya aunawa a maimakon kintace. Tun daga 2001 kamfanin Komatsu na Japan ya soma sanya wa injunansa na'urar da ke aika bayanin wurin da suke da awoyin aikinsu, sauran kamfanoni suka bi, kuma bayanan sun nuna abin da Stevens ya gani a Culebra, wato injuna da yawa suna shafe sulusin lokacinsu ko fiye a silo, suna jiran tifa ko umurni. Kamfanin Komatsu ya fitar da injin haƙa mai haɗa dizal da lantarki a 2008, wanda yake tara ƙarfin da ake asara wajen tsayar da juyawar jikinsa, ya ce yana rage shan mai da kusan rubu'i, a 2019 kuma birnin Oslo na Norwe ya gudanar da gyaran wani titi a tsakiyar gari da injunan lantarki kusan zalla, abin da ya yi ma'ana a ƙasar da wutarta daga ruwa take fitowa.

A Afirka ta Yamma, inda aka tara manyan madatsun ƙasa irin su Tiga da aka kammala a 1974 da Bakolori a 1978 da injunan dizal, wannan tarihi ya zo da nasa salon. Wani rahoto da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a 2016 ya nuna cewa dizal ɗin da ake sayarwa a yankin yana ɗauke da farar wuta ninki ɗaruruwa fiye da na Turai, lokacin da dokar Nijeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan, kuma sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar kashi 50. Da irin wancan mai injin zamani mai matata ba ya daɗewa, don haka injunan da suka cika kasuwa su ne tsofaffin da aka yi ritaya da su a Turai, ko sababbin da aka ƙera bisa tsohuwar ƙa'ida, ko waɗanda makanikai suka cire wa matatar. Tsabtace hayaƙi a nan yana jiran matatun mai da hukumomin da ke kula da ingancinsa, amma rage shan mai ba ya jiran kowa, musamman tun 2022 da farashin dizal ya ninka a Nijeriya ya zama abin da ke iya cinye ribar kwangila gaba ɗaya. Abubuwan da ke hannun injiniya da ɗan kwangila su ne daidaita yanka da ciko tun a kan takardar zane, da gwada ƙasar da ke kusa kafin a yanke hukuncin ɗauko marmara daga nesa, da daidaita yawan tifofi da ƙarfin injin da ke loda su, da rubuta litocin da kowane inji ya sha a gefen kubik mitocin da ya kwasa a ranar.